Matar Waliyyi Tana Raye

Saint-Guilhem-le-Désert, Litinin, 14 ga Afrilu

Mijina Bérenger,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma gwiwarka ta hagu ba ta hana ka durƙuso. Mu nan lafiya lau. Aude ta bugo waya daga Lyon tana gaida babanta. Ta ce jarrabawa ta kusa kashe ta, wato dai tana nan ƙalau.

Tun da sufayen cocin da ka je wa baƙunci sun karɓe wayarka a bakin ƙofa, ga ni na koma ga alƙalami kamar lokacin da kake Lubnan. Shekara ashirin da bakwai da aure, rabinsu na yi su ne ina rubuta wa soja wasiƙa. Na zaci ritayarka ta raba ni da gidan waya. To, mako biyu ka ce, na hutu da addu'a. Zan iya.

Mahaifiyarka ta kafa sansani a kicin ɗinmu. Kwando biyu na ɓawon katantanwa ta kawo, mu wanke, mu sa lagwani, mu ɗiga man zaitun, saboda fitilun zagayen Alhamis Mai Tsarki, wadda ke gabanin Ista. Ta dubi hannuna ta ce, "Solange, 'yar boko, duk digirin nan ba a koya miki murza auduga ba?" Na ce mata a jami'a wutar lantarki muke kunnawa. Ba ta yi dariya ba.

Jiya na yi wa baƙi jawabi a harabar coci kan waliyyinmu Guilhem. Ka san yadda nake yi: jarumi ɗan'uwan sarki, ya yi yaƙi har Barcelona, sannan ya ajiye garkuwa, ya gina gidan sufaye a kwarin nan, ya ƙare rayuwarsa a kan jaki yana kai wa masu girbi ruwan inabi. Kowa ya gyaɗa kai. Sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to matarsa fa?" Na kusa rungume ta. Shekara shida na yi ina neman amsar nan a cikin tsoffin takardu. Abin da na samu shi ne suna a jerin waɗanda za a yi wa addu'a. Ko tana raye ranar da ya tafi, ba wanda ya ga amfanin rubutawa.

Kai kaɗai ne a danginmu ka taɓa karanta kundin digirina kan waliyyin nan har ƙarshe. Ka makara da shekara ashirin, amma ban taɓa gaya maka daɗin da na ji ba. Yau na gaya maka.

Ka ci abinci, ko da miyarsu ruwa ce zalla. Ka gaida gwiwar.

Taka har kullum,
Solange

Asabar, 19 ga Afrilu

Bérenger,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Ranar Alhamis da hantsi muna cika katantanwa ta ƙarshe, mahaifiyarka ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Baɗi war haka ɗana yana can cikin farar riga yana yi mana addu'a." Na ce wane ɗan? Ta dube ni, man zaitun yana zuba a yatsunta, ta ce, "Au, bai faɗa miki ba? Wayyo bakina!" Daga nan ta shiga goge teburin da ba abin da ya same shi.

Ba sai na matsa mata ba, domin jiya Fada Anselme na gidan sufayenku ya iso da 'yar jakarsa. Mutum mai ladabi. Ya sha kofi, ya yaba itacen zaitun ɗinmu, sannan ya zaro takarda. Ya fara bayyana mini cewa mai aure ba ya zama sufi sai da izinin fadar Paparoma a Roma, Roma kuma ba ta bayarwa sai matar ta yarda a rubuce. Na ce, "Fada, kada ka wahalar da kanka. Babi na huɗu ne a kundina." Ya ce, "Haka ne, 'yata, ai mijinki ya kawo mana shi. Mun ƙaru sosai."

Ka tuna ranar da muke cin abincin rana a bayan gida, ka ajiye cokali ka ce, "Solange, wannan dokar ta yardar mace, har yanzu tana aiki?" Na yi minti arba'in ina maka bayani, har miyata ta huce. Na zaci aikina ne ya burge ka. Ashe soja ne ke leƙen hanya kafin ya kai hari.

Fada ya ce shekara uku kenan kana zuwa wurinsu. Na lissafa, sai ya yi daidai da lokacin da ka fara tafiya kamun kifi a ƙarshen kowane wata. Bari in faɗa maka wani abu. Sau biyu ka kawo mini kifin teku ka ce a kogin Hérault ka kama. Na gani, na soya, na yi shiru. Na zaci mace ce. Har na zana ta a raina: mai gajeren gashi, mai dariya da ƙarfi. Na shirya abin da zan ce mata. Ban shirya komai ba domin Allah.

Ba imaninka ne ya ɓata mini rai ba. Na san abin da ka gani a Afganistan, ni ce nake canza zanen gado in ka farka cikin gumi. Da ka ce mini kana neman inda za ka ajiye wannan kaya, da na raka ka har ƙofa, ko da ina zaginka a hanya. Amma mahaifiyarka ta sani, sufaye goma sha biyu sun sani, har mai sayar da kifi ya san wani abu. Ni aka bar wa wurin sa hannu, an ma yi masa alama da fensir kada in ɓata.

Takardar tana kan firji, ƙarƙashin kwanon lemo. Ban sa hannu ba. In kana son wani abu a wurina, ka zo ka tambaya da bakinka. Motar safa tana tsayawa inda ka san tana tsayawa.

Na gaya wa Aude. Ta ce, "Mama, Baba fa ko ƙwai bai iya dafawa ba." Daga nan ta fashe da kuka.

Ka huta lafiya.
Solange

Laraba, 28 ga Mayu, ranar idin Waliyyi Guilhem

Zuwa ga Bérenger,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mahaifiyarka tana lafiya, tana zuwa kullum da tukunyar wake, kamar gidan da aka yi rasuwa.

Mako biyar na yi ina duba motar safa ta tagar kicin. Ba ka zo ba, wasiƙarka ce ta zo. Na karanta ta sau uku, yadda nake karanta kowace tsohuwar takarda: na farko don abin da ta ce, na biyu don abin da ta ɓoye, na uku don in ga hannun wa ke ciki. Hannunka ne, ba na Fada ba. Na so a ce nasa ne.

Ka ce ka kasa zuwa don in ka ga fuskata ba za ka iya komawa ba. Wannan na yarda. Ka ce ni, fiye da kowa, zan fahimci Guilhem. Wannan ma na bar maka. Sai sakin layi na ƙarshe, inda ka ce in sa hannun ya yi mini nauyi, akwai wata hanya: ka je kotun coci ka nemi a yanke cewa aurenmu tun asali bai ɗauru ba, domin ka yi shi kana yaro, ana gobe za a tura ka fagen daga, ba ka san abin da kake yi ba. Ka ce hakan zai 'yantar da ni.

Shekararka ashirin da takwas a ranar, Bérenger. Kai ka zaɓi waƙoƙin coci. Kai ka yi kuka, ni ban yi ba.

Yau da safe na shiga coci bayan an watse. Na tsaya gaban akwatin ƙasusuwan waliyyinmu, na gaya masa abin da ban taɓa rubutawa a kundi ba. Ya bar dukiya, ya bar doki, ya bar suna, duniya tana ta yabo shekara dubu da ɗari biyu. Amma ko shi, da ya zo rubuta takardar gidan sufayensa, bai ce matarsa ba ta taɓa zama matarsa ba. Ya sa a yi mata addu'a. A nan ka wuce ubangidanka.

Saboda haka na sauko da takardar daga kan firji. Akwai shatin kwanon lemo a jikinta, Roma ta yi haƙuri. Na sa hannu.

Kada ka ɗauka yafiya ce, ba ta iso ba tukuna, ban kuma san ko tana hanya ba. Na sa hannu ne don takardar nan ba ta da amfani sai in matarka ce ta sa. Duk ranar da ka sanya farar rigar nan, da izinina ka sanya ta, kuma izinin yana cewa an yi shekara ashirin da bakwai ɗin nan, an haifi Aude a cikinsu. Ba kotun da za ta goge su bayan haka.

Kayan sojanka da lambobin yabo suna cikin akwati a bakin ƙofa. Shi waliyyi da kansa ya kai garkuwarsa inda zai ajiye ta. Kai ka bar mini taka in riƙa kakkaɓe ƙura. Fada zai zo ya ɗauka ranar Juma'a tare da takardar.

Zai ga na ƙara layi biyu a ƙasan sa hannun, inda ba a yi alama da fensir ba. Ka ce masa kada ya goge. Wata rana wata 'yar boko za ta zo ma'ajiyar takardunku tana tambaya, kuma ba na so ta ɓata shekara shida. Na rubuta mata: "Matarsa tana raye ranar da ya tafi. Shekararta hamsin da uku, lafiyarta ƙalau, kuma ita aka gaya wa a ƙarshe."

Ka ci abinci. Ka riƙa sa matashi in za ka durƙusa.

Matarka,
Solange Vidalenc