Kazar Kaka Akumu

Kisumu, 6 ga Yuni

Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya gwiwar nan taka? Masara ta fara goyo kuwa? A gaishe mini da Gwaggo Adongo.

Tallan aiki uku da ka yanko daga jarida sun iso. Da su, talatin da ɗaya ke nan, kuma duk na nema. Ko “mun gani” babu wanda ya ce mini. Ban manta da alkawarinmu ba: idan aka yi girbi ban samu aiki ba, zan tattara komatsaina in dawo Siaya. Amma Allah ya sani, ba na son in dawo hannu rabbana.

Kada ka yi faɗa, na fara aikin sa kai a makarantar kurame, babu ko sisi. Saboda wata mata na je, Mama Apondi, wadda ta shekara ashirin da biyu tana nema wa makarantar taimako. Baba, ka ga mace! 'Yar gajeriya ce, takalmin roba take sawa, jakarta cike da katin godiya. Duk wanda ya taɓa ba makarantar wani abu ta san shi, ta san sunan matarsa, har saniyarsa da ta mutu bara. Na nuna mata tallanka, ta yi dariya har da hawaye.

“'Yata, irin aikinmu ba a jarida yake ba. Mutanen da na shekara ashirin ina shan shayi da su, in damƙa su ga wanda na sani a takarda?”

Na ce to a ina ake samunsa? Ta ce, “Ga kujeru can, kwaso.” Ina nan ina ta kwasa.

'Yarka,
Awuor

Kisumu, 28 ga Yuni

Babana,

Ina gaisuwa. Na ji an ce ka je gona da ƙafar nan, don Allah ka bari.

Na yi ɓarna, gara ka ji daga bakina. Ranar Asabar aka yi harambe, taron gidauniyar ɗakin kwanan 'yan mata. Babban baƙo shugaban wata ƙungiyar agaji ne daga Nairobi. Na goge rigata, na sa takardun neman aikina a ambulan, da niyyar in miƙa masa hannu da hannu.

Ana cikin taro wata tsohuwa ta shigo rungume da kaza, ta ɗora mini ita don ni ce kusa. Aka yi gwanjon kazar nan sau biyar, kowa ya saya sai ya mayar a sake. Mai sanarwa yana ta kiran sunayen masu saye, ana tafi, ana guɗa. Wadda ta kawo ta kuwa, ko kallonta ba a yi ba. Sai na hango ta sulale ta fita. Abin ya tsaya mini a rai, na bi ta da kazar a hammata, na tambayi sunanta. Kaka Akumu ce, daga Ahero, jikarta a makarantar ta koyi magana da hannu. Na raka ta har ta hau matatu, motar haya.

Ko da na dawo, motar babban baƙo ta tafi. Na duba ambulan, ashe kazar ta yi mini aika-aika a kai. Na zauna bayan rumfa na yi kuka. Mama Apondi ta zo wucewa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ke da kazar nan, wa ke riƙe da wani?” Ta yi gaba abinta.

A share mini ɗakina, Baba. Da alama da ni za a yi girbi.

'Yarka,
Awuor

Kisumu, 5 ga Yuli

Babana abin ƙaunata,

Ina fatan kana lafiya, kai da kowa da kowa. Zauna kafin ka karanta.

Ranar Litinin Mama Apondi ta tara mu, mu huɗu masu aikin sa kai. Ta tambayi wa ya fi bayarwa ranar Asabar, duk muka faɗa baki ɗaya. Sai ta ce, “Wa ya kawo kaza?” Ni kaɗai na sani. Na ce Kaka Akumu, daga Ahero. Ta zaro kati, ta rubuta da hannunta, ta ce in kai.

Na samu Kaka tana shanyar shinkafa. Ba ta iya karatu ba, sai na karanta mata. Ta ce in sake. Ta kira maƙwabciyarta, na sake na uku. Sannan ta sa katin cikin littafin addu'arta.

Da na koma, Mama ta rufe ƙofa. Ta ce idonta ya fara hazo, ƙarshen shekara za ta ajiye aiki, shugabannin makaranta kuma sun bar mata zaɓen wadda za ta horar. Shekara biyu tana yin irin tambayar nan bayan kowane taro, ba wanda ya amsa. “Roƙo kowa ya iya,” in ji ta. “Godiya ce aikin.” Ni ta zaɓa, zan fara Litinin mai zuwa, da albashi. Kada ka wahala wajen duba jarida, ba za a buga ba.

Har na kai ƙofa ta ce, “Tsaya. A gidanku, wa ba ki gode wa ba?”

Baba, kai ka faɗo mini a rai. Kowace Juma'a kana takawa kasuwa da gwiwar nan ka sayo jarida, ka sa tabarau, ka yanka da almakashin marigayiya mahaifiyata. Talla sama da talatin ka aiko, ni kuwa ban taɓa ce maka komai ba sai ƙorafi.

Katin da ke cikin wannan ambulan shi ne na farko da na rubuta a sabon aikina. Naka ne. Idan rubutun ya yi maka ƙanƙanta, ka ajiye, zan zo ranar girbi in karanta maka, ko sau nawa kake so.

'Yarka mai godiya,
Awuor