Jarkar Baba Mati

Bacirawa, Kano

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna, da ƙanin mahaifinmu Baba Mati da iyalinsa. Tun da kika sayar da wayarki sai dai takarda, shi ya sa na ba Nababa direba wannan ya miƙa miki.

Albishir nake tafe da shi. Ƙungiyar da nake wa aiki ta ɓullo da shirin koya wa ƙananan yara kula da muhalli, kuma na sa sunan ajin nan naki na gindin durumi. Abin ba wuya. Ki ce wa yaran kowa ya kawo shara daga gidansu, ku mayar da ita kayan wasa, kamar tukunyar fure da tsuntsu da kacau-kacau. Kafin damina manyanmu za su zo su gani, su ɗauki hoto. Ajin da ya burge su za a riƙa dama wa yaransa kunu kullum da safe har shekara ta zagayo. Ke da bakinki kika ce min yaran gyangyaɗi suke a kan tabarma saboda ba su karya ba. To, ga dama ta samu.

Na haɗo miki da almakashi da gam da fenti. Ki daure kada ki ba ni kunya.

Yayanki,
Muntaka

Unguwar Kanya, ta Gezawa

Yaya Muntaka,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai tsadar da ta ishi kowa. Inna tana gaishe ka, ta ce ta fara manta kamanninka.

Na yi murna da zancen kunun, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma yi yadda ka ce, na faɗa wa yara su kawo shara. Washegari sai ga su a jere, wannan da toka a ƙoƙo, wancan da kashin awaki a ƙunshe a gefen riga. Wata uwa har ta biyo ɗanta tana faɗa, wai wace irin malama ce za ta sa a kwashe musu taki ana dab da shuka. Birni ya mantar da kai ne? A nan shara taki ce. Kai da kanka ka sha bin jakin Baba zuwa Kano kuna ɗauko ta a mangala kuna zubawa a gona, kafin ka sayar da kasonka na gonar ka je ka sayi fili a gonar wani.

Da na gane gwangwani da roba kake nufi, na sake yi musu bayani. Babu wanda ya kawo ko ɗaya. Gwangwanin tumatir shi ne ma'aunin gishiri. Na madara fitila ce. Robar lemo a ciki ake sayar da man gyaɗa, in ta fashe a yanke ta a yi mazurari. Ledar da ta yage ma hura wuta ake da ita. Bana ko ƙaiƙayi mutane ba sa zubarwa.

Don haka na koma ga abin da muka sani. Mun yi motar kara da akurkin kara, mun saƙa tsuntsaye da kaba. Ka ga yadda suka duƙufa kuwa, har da Huseina jikar Baba Mati, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ba ta kuma iya zama wuri ɗaya. In wannan zai yi, mun gama. In ba zai yi ba, ka turo mana sharar ku ta birni a motar Nababa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Barira

Bacirawa, Kano

Barira,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki, kuma maganar gona da kika soko ban ga abin da ya kawo ta ba.

Kara da kaba ba za su yi ba. Manufar shirin ita ce a raba muhalli da roba da gwangwani, dole su za a gani a hoto. Kara ai ruɓewa yake da kansa, babu darasi a cikinsa. Turo miki kuma ba zai yiwu ba, don a nan ma 'yan gwangwan ba sa barin roba ta kwana a bola.

Kin cika sanyin jiki. Yaro sai da kwaɗaitarwa. Ki faɗa musu a fili cewa duk wanda ya kawo roba shi zai sha kunu, za ki ga aiki. Ba zai yiwu a ce gari guda babu tsohuwar jarka ba. Baƙi suna nan tafe ranar Laraba ta sama.

Ki gaida Inna.
Muntaka

Unguwar Kanya, ta Gezawa

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Gaisuwa, don ba a fasa ta. Amma raina a ɓace nake rubuta maka wannan.

Na faɗa musu yadda ka ce, kalma da kalma. Na kuwa ga aiki. Washegari robobi suka cika tabarma, ban tambayi kowa inda ya samo ba, don zumuɗi ya ɗebe ni. Wadda ta fi kowacce kyau ita ce wata jarka ruwan ɗorawa da Huseina ta jawo a ƙasa tana haki. Ta ce, "Malama, tawa ta fi ta kowa girma, kununa ma zai fi yawa ko?" Na ce ƙwarai. Na sa wuƙa na raba jarkar biyu, muka shafe ta da koren fenti, muka murɗa jar leda muka yi fure muka soka a ciki.

Kafin azahar iyaye suka fara sallama. Wata mazubin kalanzir ɗinta aka ɗauke, wata butar mijinta. Waɗannan duk da sauƙi. Baba Mati ne ya zo a ƙarshe, ya tsaya yana kallon tukunyar furen nan. Ka tuna farin waken gidanmu mai yaɗo, wanda tun kakanmu ake juya irinsa? A jarkar nan yake ajiye shi, cikin toka da barkono saboda ƙwari. Duk yunwar da aka yi a gidansa bana bai bari an taɓa shi ba, har ranar da suka kwana da ruwan kanzo. Kwana ɗaya kafin nan ya buɗe ya duba, bai ɗaure murfin sosai ba. Yarinya ta samu ta tuntsurar da shi a bayan danga don jarka take so, awakin unguwa suka yi biki.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Barira, wannan furen ana cin sa?" Na kasa ɗaga kai. Ya kama hannun jikarsa suka tafi, tana waiwaye tana ce masa a bar ta ta jira kunu.

Ranar Laraba baƙinka sun zo da motarsu mai sanyi. Yaran da iyayensu suka bari suka fito ba su cika tabarma ɗaya ba. Ni na je na roƙi uwar Huseina ta ba ni aronta, don na ce tun da an yi asarar, a ƙalla a samu kunun. Baƙin suka ɗora mata tukunyar a cinya, suka ce ta yi murmushi ta ce "mu kare muhallinmu". Ta faɗa daidai. Wata a cikinsu har da share ƙwalla, wai abin ya taɓa mata zuciya. Kai kuma ba ka zo ba.

Sai na ji daga gare ka.
Barira

Bacirawa, Kano

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Wallahi labarin irin Baba Mati ya dame ni. Ki ba shi haƙuri kafin in samu zuwa da kaina. Na saya masa irin wake na zamani mai saurin nuna, yana hannun Nababa. Amma ke ma da kin riƙa tambayar yaran kafin ki sa wuƙa.

Hoton Huseina ya yi kyau ƙwarai. An buga shi babba an rataye a ofis, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a gabansa. Ga ƙarami nan na haɗo miki.

Maganar kunu kuma, ki yi haƙuri. Kwamiti ya ce yaran ajinki sun yi kaɗan a ranar da aka zo, hanyarku kuma ba ta biyuwa da damina. An ba wata makaranta ta bakin titi. Na yi iya ƙoƙarina, Allah ne shaida. Wataƙila baɗi.

Yayanki,
Muntaka

Unguwar Kanya, ta Gezawa

Yaya Muntaka,

Amin wa alaikumus salam. Ruwa ya sauka, an yi shuka.

Baba Mati ya karɓi irin, ya ce a gode maka. Bai shuka ba, dafawa aka yi. Ya ce wake ne dai, amma ba namu ba ne. Hoton kuma Inna ta toshe hujin tagarta da shi, ya zauna daidai. Ka ga a nan ba a yar da komai.

Aji ya watse, iyaye sun ce karatun da ke kwashe kayan gida sun yafe. Na naɗe tabarma. Mutum ɗaya ce ba ta daina zuwa ba. Kullum da safe Huseina tana sulalowa gindin durumi da kofinta, ta zauna ta jira ni. Yau ma ta ce, "Malama, ai na kawo roba."

Kai ka iya tsara magana. Ka rubuto min abin da zan ce mata, Nababa zai dawo ranar kasuwa.

Ƙanwarka,
Barira