Keke Marar Sanda

Assalamu alaikum, Malam Sharhabilu. Don Allah ka taimake ni da shawara, don maganar cikin gida ta ƙare mani. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Malami tela, abokina tun muna kiwon awaki, shi ke karanta mani filin naka na jarida, shi ne kuma ke rubuta wagga takarda. Na ce mashi ya rubuta yadda nike faɗi, kada ya gyara mani baki.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Danchadi. Shekaruna sun haura saba'in. Fadamata ba kusa take ba. Sai ka bi kwalta kaɗan, ka sauka ka bi burtali, ka ƙetare rairayin wani rafi, sannan ka iso. Shekara arba'in da wani abu baƙin kekena ke kai ni. Ƙarfe ne na gaske, irin wanda ba a yi yanzu. Ya kai buhunan albasa Bodinga, ya kai ni Shagari da Kajiji wurin dangi, shi yak kai matata Kulu asibiti ranar da ba ta dawo da ƙafarta ba. Allah ya jiƙanta.

To wata biyu da sunka wuce na faɗi. A rairayin nan ne, da hantsi, da buhun taki a kariyar bayan keken. Keken yad danne mani ƙafa. Na yi, na yi in ture shi, wallahi ko motsi bai yi ba. Ina kwance rana na dukana, ƙudaje na bin jinin gwiwata, har nij ji kiran azahar can nesa. Babu wanda yab biyo sai wani makiyayi, shi ma shanunshi ne sunka fara tsayawa kaina. Da hannu guda yaɗ ɗaga keken, sandarshi na ɗayan hannun. Wannan ya fi ciwon ƙafar ƙona mani rai.

Ɗana Maniru direba ne a Sakkwato. Da yaj ji sai yaz zo, yad duba ƙafa, yaj je zaure yac cire kacar keken yat tafi da ita. Ni da nik koya mashi hawa a kan wannan keke, ina riƙe da sirdi ina gudu bayanshi! Ko shawara babu, kamar ya ƙwace wuƙa hannun mahaukaci. Keken na nan jingine a zaure, duk wanda yash shigo gaishe ni sai ya gan shi. Tun ranar ina amsa gaisuwar Maniru da ka, ba da baki ba. Ya ce ɗan kabu-kabu zai riƙa kai ni fadama ya ɗauko ni. Na ce ni ba buhu ba ne da za a ɗora bayan babur, kuma albasa ba ta san lokacin da mai babur yag ga damar zuwa ba.

Makon jiya yac ce in bi shi Birni, can Sakkwato, wurin mai sayar da kekunan gwanjo. Na bi shi, ba don na huce ba. Mutumin yaf fiddo guda biyu, yac ce irin waɗanda anka yi don kwalta da hanyar daji gaba ɗaya ne, tayarsu ba siririya ba irin ta 'yan tsere, ba kuma ƙatuwa ba. Ni kuma nig gwada su yadda ubana yak koya mani gwada ruwan fartanya, niƙ ƙwanƙwasa da zobena in ji amon ƙarfe. Babu amo. Ƙwas ƙwas, kamar gwangwani. Mai keken yac ce ai gorar-ruwa ce, ƙarfen nan fari na tukwane, shi ya sa ba nauyi. Nic ce mashi ni ba tukunya niz zo saye ba. Abin da yatsa biyu ke ɗagawa, shi zai ɗauki mutum cikin burtali? Wai har da giya bakwai. Mi zan yi da giya, ni babbar mota ce?

Amma ba wannan ba ce matsalar. Ɗaya yana da sanda miƙaƙƙiya daga sirdi zuwa kai, kamar kowane keken namiji. Ɗayan sandarshi ta sauko ƙasa, tsakiyar wayam. Nic ce in dole ne, a ba ni mai sanda. Maniru yac ce marar sanda ko babu. Kuma gaban baƙo yac ce mani dashe saura kwana ashirin, in ban karɓa ba zai ce ma Bashir, maƙwabcin gonata da ke ba irin albasata ruwa tun da nif faɗi, ya riƙe fadamar bana. Wai aro na shekara guda. Malam, na ga irin wanga aro. Gonar da tab bar hannun tsoho ba ta dawowa. Baɗi cewa za a yi Baba ka huta, baɗin baɗaɗa kuma an raba.

Yanzu bari in gaya maka abin da yas sa ba ni iya hawan shi. Nan wurinmu keke marar sanda keken mata ne. Shekara talatin da sunka wuce, Ɗantani, uban shi wanga Bashir, ya dawo daga Birni da irin shi, yana ta murna. Ni ne nit tsaya ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban jama'a, nit tambaye shi ina yab baro ɗankwalinshi. Nik kira shi Inna Ɗantani. Anka yi dariya har da masu riƙe ciki. Wata bai cika ba yas sayar da keken, bai sake hawan wani ba har yau, amma sunan bai bar shi ba. Jikokinshi ma sun ji shi bakin mutane. Yana nan da rai, kullum ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar masallaci, idonshi garau, kuma hanyar fadama ta gabanshi take bi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ka gani? Ko in wuce ta gabanshi bisa keken mata, ko ɗanshi ya nome fadamata. Duk inda nij juya shi yac ci.

Malami ya ajiye alƙalami yana dariya. Ya yi ta yi, shi da bai iya hawan ko jaki ba.

Saura magana guda, ban gaya ma kowa ba sai yau. Na ce ma kowa rairayi ne yak kada ni. Ba rairayi ba ne. Na zo sauka ne in tura keken kamar kullum. In akwai buhu a baya ba ka iya wurga ƙafa ta baya, sai ka ɗaga ta gaba ta bisa sanda. Ƙafar ce taƙ ƙi. Ta tashi rabi tat tsaya, riga tam maƙale, shi ke nan sai ƙasa. Kuma ba ranar taf fara ba. Na yi watanni ina hawa daga bisa dakalin bayan gida don kada a gani. Maniru bai sani ba. Ko kuma ya sani yay yi shiru, wanda ya fi muni.

Don haka ka gaya mani gaskiya. Shin wanga abu marar nauyi zai jure ƙaya da rairayi? In na karɓi marar sandar, mai walda ba zai iya sa mashi sanda ba, ko ta ado ce, don ido? Ko in tsaya kan mai sanda har Maniru ya gaji? In fadamar nan ta fita hannuna, ba abin da yar rage mani sai tabarma da jiran ranata.

Tsoho mai baƙin keke, yankin Danchadi.

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Inna Kulu. Malam Malami, a karanta masa duka, kada a tsallake inda ba daɗi.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Bai kamata Maniru ya cire kaca ya tafi ba tare da ya zauna gabanka ya yi magana ba, kuma zancen fadama ba na gaban baƙo ba ne. Amma ka tuna abin da aka kira shi aka gaya masa: mahaifinsa ya kwanta a rana daga hantsi zuwa azahar, ƙarfe a kansa, shanu ne suka gano shi. Tsoro ne ya cire kacar nan, ba raini ba.

Ka tambaye ni gaskiya. Mai sanda ba naka ba ne yanzu. Da bakinka ka faɗa, sanda ce ta kayar da kai. Wadda ke kan sabon keken ma haka za ta yi, ƙafar kuwa ba za ta koma ta shekara arba'in ba. Batun mai walda ka bar shi. Sandar ado ma tana tare ƙafa, kuma waldar bakin hanya ba ta kama gorar-ruwa, sai dai ta lalata keken. An sauke sandar ne tun asali don mai doguwar sutura ya hau ya sauka ba ta kama shi ba. Rigarka doguwa ce, Baba, kuma ta riga ta kama ka sau ɗaya.

Gwajin zobe na fartanya ne. In kun koma wurin mai keke, ga naka gwajin. Ka kwantar da shi ƙasa ka ɗaga da kanka, domin keken da ba ka iya ɗagawa daga kanka bai dace da hanyar da ba kowa ke bi ba. Ka hau ka sauka sau biyar ba ka dafa bango ba. A sauke sirdi har ƙafarka ta riƙa samun ƙasa. Ka duba duk mahaɗar jikinsa da kyau, in ka ga tsaga ko siririya ce, ka bar shi. Taya ta kai faɗin yatsa biyu, mai ɗan zane, ita ke tafiya a kwalta ta kuma riƙe burtali. Kafin a saya a tambayi mai faci a Bodinga ko ana samun taya da tif na girmansa, in ba a samu ba a nemi wani. Ƙaya za ta huda shi kamar yadda take huda tsohon, sai ka riƙa tafiya da famfo. Giya kuwa ba ta ado ba ce, ita za ta ɗauke wa gwiwarka nauyi a hawa. Birkinsa ya fi wanda ka saba kamawa, ka koye shi a fili tukuna. Rairayin rafi ka sauka ka tura. Buhun taki da na albasa kuma a ba babur ko amalanke, wannan keken kai kaɗai zai ɗauka da ɗan guzurinka.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙafar da ta yi watanni tana ƙin tashi tana buƙatar likita ya gan ta kafin ka hau komai. In ya ce ka hau, wataƙila keken nan ya ƙara maka wasu shekaru a fadamarka. In ya ce a'a, ka hau babur ka je ka tsaya kan gonarka ana dashe kana nuni. Ko ta wace hanya, ka gaya wa Maniru maganar dakali. Daga nan ka ce ya maido kaca a mayar wa baƙin keke, ya zauna a zaure cikakke, ya cancanci haka.

Saura Ɗantani. Ba keken kake tsoro ba, Baba, sunan da ka raɗa kake tsoro ya dawo maka. Mutumin nan ya ɗauke shi shekara talatin, ya haƙura da keke saboda kai, amma bai hana ɗansa ba irinka ruwa ba. Ba cin nasara yake jira ba, ina zaton kalma ɗaya ce. Ranar da aka kawo keken, kada ka bi ta bayan gari. Ka tura shi har gindin dalbejiya bayan la'asar, a gaban jama'a kamar yadda ka yi wancan karon, ka ce masa shi ne mai gaskiya, ka roƙe shi gafara. Za a yi dariya, wataƙila har a ba ka sunan. Ka amsa. Ya fi ka zauna a tabarma da mutuncin sanda, wani na dasa albasarka.

Kwanakin da suka rage ba yawa. Allah ya ba ƙafa lafiya, ya sanyaya tsakaninka da Maniru, ya sa da hannunka za ka yi dashen bana.

Sharhabilu