Inna Ba Ta Gane Gonarmu Ba

Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidima? Yaya Hajiya da yara, da zaman Ikko? Mu nan Kaoje lafiya lau, alhamdu lillahi.

Satin da ya wuce Inna ta ce in kai ta gona. Idonta ya tafi gaba ɗaya yanzu. Na ɗauke ta a babur, na zaunar da ita a bakin kunya. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Umaru, ai ba nan ba ce. Tamu da kukan kurciya da fakara take wayewa."

Yaya, ban iya ɗaga kai ba. Bara na sare kanyar nan da ɗorawa, na share shingen, na mai da ko'ina shinkafa, ga feshin magani. Buhuna sun ƙaru, amma ba tsuntsun da ya saura sai buwa mai cin hatsi. A gonar Kawu can tsallake, ƙasar Benin, har yanzu kurciya da fakara suna nan cikin itatuwansa.

Da na faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "To, mai da ni gida."

Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Hajiya. In ka kira Inna, kada ka tambaye ta gona.

Ƙaninka,
Umaru