Kunnen Renard na Hagu

Greenwood, Mississippi
Farkon Disamba

Zuwa ga yayana Cleophus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Earline da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwa a sanyin Alaskan nan da ka ƙi rabuwa da shi. Mu nan da sauƙi. Mama Odessa ta daina zuwa coci da ƙafa, amma bakinta na nan yadda ka bar shi. Jiya ma ta ce in tambaye ka wai ƙanƙara ce ta daskarar maka da hannu, ko ka manta kana da uwa. Maigidana Otis yana fita aiki, sai dai tun Asabar ɗin nan magana ta ƙaurace masa. Na san ka ga wasan ƙwallon Amurkan da yarana suka kara a talabijin. Na zauna ne in rubuta maka abin da ba a nuna ba, don a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Ka san yaran nan nawa biyu. Tun suna wasa a bayan gida, Alton ne ke durƙusawa ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, Renard ya cafe ya jefa. Haka a sakandare, haka a jami'a, babba yana gaba ya zama katanga, ƙarami yana baya yana jan ragamar wasa. Ka kuma san kunnen Renard na hagu bai ƙara ji sosai ba tun zazzaɓin da ya yi yana ƙarami. A fili Alton ne ya zame masa kunnen. Da ya hango ana shirin afko wa ƙanensa ta hagu, sai ya daki cinyarsa, Renard ya gane ya kauce. Ba koci ba ɗan wasa, ba wanda ya taɓa lura.

Bara sabon koci ya zo da nasa mai jifan, ya ajiye Renard a benci. Yaron ya haɗiye har aka gama wasannin shekara, sannan ya sauya sheƙa zuwa jami'ar tsallaken kogi, waɗanda ko sunansu ba a son ji a garin nan. Ban ga laifinsa ba, shekarun ɗan wasa ba su da yawa. Inda ya ɓata shi ne bai gaya wa yayansa ba. A ɗakin canza kaya Alton ya ji, wani ya miƙo masa waya yana dariya, wai ƙato, tashi haka nan, wanda kake durƙusa wa ya tsere ya bar ka a tsugune. Na wanke Renard tas, ya ce wai Mama da na faɗa masa da ya hana ni, ni kuma ban taɓa iya yi masa musu ba. Tun daga nan ba su ƙara magana ba. Na ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, zai wuce. Ashe ni ce ban san dawan garin ba.

Da makon karawarsu ya zo, sai aka yi yadda aka saba in mai jifa ya koma wata ƙungiya: aka canza duk alamun da ya sani, aka zaunar da waɗanda suka san shi ana tatsar su. Koci ya kira Alton shi kaɗai, wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garin ma bai ƙyale mu ba. A shagon aski aka ce wa Otis wai ya haifi soja guda da maci amana guda, sai ya zaɓi rigar da zai sa ranar Asabar. Ni dai rigar cocina na sa, na zauna cikin mutanenmu ina jin ana zagin abin da na haifa.

Yaya, abin da ya fi ci mini rai, duk lokacin da Renard yake fili, Alton yana gefe ne, sai kallo, don su biyun masu kai hari ne, kuma in masu harin wancan ɓangare suna fili, masu tsaronmu ne kawai ke shiga. Tun farkon wasa masu tsaronmu ta hagu suke ɓullowa, ta hagu, ta hagu, kamar an zana musu hanya. Abokan wasan Renard suna yi masa ihu, ba ya ji. Bayan hutun rabin lokaci aka yi sama da shi aka buga da ƙasa, bai tashi ba. Kafin a gane abin ya yi muni, 'yan ƙungiyarmu suka rufe Alton da murna suna dukan hular kansa kamar shi ya tona musu asirin, kuma daidai nan aka haska a talabijin. Kowa ya gani, har Renard da ya farfaɗo a asibiti.

Washegari na je ɗakin Alton a makaranta, na ce ya dubi idona ya gaya mini. Ya rantse bai faɗa wa koci komai ba, wai ce masa ya yi ƙanensa ba shi da wani lagon da ya sani. Su da kansu suka gano raunin kunnen daga faifan wasannin bana, tunda babu mai dukan cinya yanzu. Har na fara gode wa Allah, sai ya ce in tsaya bai gama ba. Wai duk makon yana kallo suna atisayen shigowa ta hagu, ya san abin da zai faru. Ya ɗauki waya zai gargaɗi Renard ya ajiye ba adadi. In ya kira, ya ci amanar waɗanda suka naɗa shi kyaftin. Amma wai gaskiyar magana, Mama, jira nake ya fara kira na. Ƙaton nan ya sa kai a cinyata yana kuka, ni kuma na rasa ko rarrashi zan yi ko mari.

Na kai wa Renard maganar da sauri, a zatona magani na ɗauko. Ya saurara har na gama, sannan ya ce wai da a ce sayar da shi Alton ya yi, da ya ce rama abin da aka yi masa ya yi, sun yi kunnen doki. Amma ya sani, ya naɗe hannu yana kallo har mako guda, wannan ba zai iya haɗiye shi ba. Likita ya ce kan nasa zai warke, ko da yake bana ya gama wasa. Ni ba ƙwallon ce ta dame ni ba, wallahi da ma a ce ba su taɓa ganin ta ba.

Yanzu Renard ya ce ba zai zo Kirsimeti ba muddin Alton yana gidan. Alton kuma ya aiko cewa zai zauna a makaranta don ƙanensa ya samu ya zo. Da na gaya wa Renard, sai ya ce ba ya son sadaka, shi ma ba zai zo ba. Don Allah ka kira su, suna jin nauyinka fiye da ubansu. Kada ka nemi mai gaskiya, na nema na gaji. Mama Odessa ba ta san komai ba tukuna, kullum tambaya take wa zai ɗauko ta a kujera zuwa mota cikin jikokinta, ni kuma ina ce mata duk biyun.

Ka gaishe mini da Earline, da Corliss da mijinta, da auta Thaddeus. Otis yana gaishe ka, ko da yake da kai ya yi, ba da baki ba. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Vernetta