Wanzami ya zare wayar da likitoci suka dasa wa yayana

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya gama fita mini a rai.

Ni dilan tayoyi ne a Tudun Wadar Zariya. Bara yayana ya yi hatsarin mota, aka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Na kai shi asibiti a ƙasar waje, a can likitoci suka sa shi cikin wani bincike, suka dasa masa siririyar waya a jijiyar dungun, tana ɗaukar saƙon da jijiyar ke aikawa idan ya yi niyyar motsa yatsun da babu su. Sun ce sai sun tara saƙon na tsawon lokaci sannan su saita masa hannun roba mai motsi. Muka dawo gida, wata tara muna haka, kullum ya ɗora wata ƙaramar na'ura a wurin, ni kuma in tura musu saƙon da ta ɗauka.

Makon jiya na tafi Legas sarin kaya, wurin ya fara masa ƙaiƙayi, sai Inna mahaifiyarmu ta kira wanzamin gidanmu ya yi masa ƙaho. Mutumin nan ya tsaga, ya ga bakin waya, ya ce jifa ne, ya fizgo ta. Yanzu tana cikin kwalba yana yawo da ita majalisa majalisa, wai ya ciro sammu, har an fara nuna wani maƙwabcinmu da baki. Yaya kuwa yana zaune aka yi komai, ya san mece ce wayar, wai nauyin musa wa Inna ya ji. Mutum mai 'ya'ya biyar.

Likitocin sun ga saƙo ya ɗauke, suna tambaya. Yaya ya ce in ce musu santsi ya kwashe shi a banɗaki, don yana tsoron in suka ji gaskiya su cire shi daga binciken. Inna ta ce in na kunyata ta a wurin baƙi ba ta yafe ba. Ni kuma na je na auna wayar kwalbar, ba ta kai tsawon da ke takardar asibiti ba, saura yana ciki, dungun ya kumbura har ya fara wari.

Gobe zan kai shi asibiti a nan ko ya so ko ya ƙi. Amma jibi su can za su kira ni. In faɗa musu aska aka sa masa, wataƙila ya rasa hannun robar, ko in rufa wa Inna asiri su yi masa magani a kan ƙarya? Ku da kanku, wanne za ku yi?