Gurbin Yatsa a Ƙofar Kabad

Hikone

'Yata Sumie,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya. Tunda a shagon kayan kafinta kike aiki, yau ki yi wa tsoho rana. Ina so in gyara kabad ɗin da muke girmama magabatanmu a ciki, wanda sunan mahaifiyarki ya shiga cikinsa bara da ta rasu. Tsufa ya zo, samfefa ta gagare ni, itacen keyaki kuwa ba ya jin lallashi. Wane injin goge katako zan saya, mai kai irin na dutsen guga, ko siririn nan mai kama da yatsa?

Akwai gurbi a ƙofar dama, inda babban yatsan mahaifiyarki ya ci katakon, saboda kullum da safe ita ke buɗewa ta ajiye wa magabata shinkafa da shayi. Shi nake so in shafe. Duk lokacin da na gan shi sai in yi kuka, kuma na gaji.

Mahaifinki,
Tokuji

Osaka

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ga mai kan dutsen guga nan na aiko. Siririn yana da ci, kafin ka ankara ya huda maka ƙofa. Ka bi layin itacen a hankali.

Amma Baba, ka kira malamin haikali ya yi addu'ar fitar da ruhohin magabatan da ke ciki tukuna? Kai ka koya mini ba a sa ƙarfe a jikin kabad alhali masu shi suna ciki.

Ka huta lafiya,
Sumie

Hikone

Sumie,

Gaisuwa. Wane malami, yaron da ni na haɗa masa gadon jarirai? Matata ce, ba na buƙatar ɗan aike tsakanina da ita.

Injinki ya yi aiki, ƙofa ta yi sumul. Washegari na kawo shinkafa, sai ga gurbin yana nan yadda yake. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Ƙurar ma ba ƙamshin keyaki take yi ba, ƙamshin man gashinta ne. Aiko mini siririn.

Mahaifinki

Osaka

Baba,

Ina gaisuwa. Ba zan aiko ba. Tun da na karanta wasiƙarka nake jin tsoro. Don girmanka ka ajiye injin nan. Ranar Asabar ina tafe, ni da kaina zan je in ɗauko malamin.

'Yarka,
Sumie

Hikone

'Yata,

Ina gaishe ki. Na sayi siririn a nan, na ci katakon har ƙofar ta kusa zama takarda. Da safe gurbi biyu na tarar, gefe da gefe. Na sa yatsana a sabon, ya zauna daidai, da ɗuminsa. Ban ji tsoro ba, gaskiya daɗi na ji.

Sai na sake gogewa. Yau ga na uku ya fara fitowa, ɗan ƙarami, can ƙasa, daidai inda hannunki yake kaiwa lokacin da kike ƙarama, kina yin ɗage kina taya ta buɗewa.

Sai na gane duk gogewa tana buɗe wa ɗayanmu wuri a cikin magabata. Na yanke wayar injin. Gara in yi ta ganin yatsanta kullum. Kada ki zo, Sumie.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Tokuji